Gida mai tsimin wuta a gaɓar tekun Legas: yadda ake gina shi daga fili har zuwa sola

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, sai kuma Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin a sassauto zuwa 206.8 a Mayu, sannan ya koma 209.5 a Yulin shekarar, tallan gidaje a Lekki, Ajah, Sangotedo da Ibeju-Lekki ya sauya salo. A da abin da dillali ke fara yi maka kirari da shi shi ne girman janareton gidan. Yanzu sola ce da batir da "gidan da ba ya cin wuta". 'Yan kasuwarmu da ke zaune a Legas, da masu turo kuɗi daga waje don a gina musu, tambayarsu ɗaya ce kullum: faifan sola nawa zan saya? Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta zo a mataki na takwas. Wanda ya fara da ita zai sayi ninkin abin da yake buƙata, don gidan da aka gina ba daidai ba sai ya sha wuta komai yawan faifan da aka jera masa. Tun ran gini tun ran zane. Ga yadda aikin ke bi.

1. Filin da takardunsa

Ka je ganin fili a watan Yuni ko Yuli, bayan an sheƙa ruwa, da takalmin roba a but ɗin mota. Filin da ya bushe ƙayau a Janairu yana iya zama fadama a damina. Dubi katangun maƙwabta: layin kore ko baƙi da ke jikinsu shi ne shaidar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Bi lambatun titin da ƙafa ka ga inda yake zubewa, don akwai unguwannin da aka gina musu lambatu mai kyan gani wanda bai kai ko'ina ba.

Sannan takardu. Ɗauki safiyo naka, ba na mai sayarwa ba, ya ɗauki lambobin kusurwoyin filin ya kai ofishin Babban Safiyo na jihar a Alausa, Ikeja, a duba ko filin yana cikin wanda gwamnati ta ware wa kanta. Yawancin ƙasar wannan yanki gwamnati ta daɗe da karɓe ta, sai yankunan da ta sakar wa ƙauyuka aka buga a gazet. Idan aka ce maka "ana kan aikin sakin", to ba a saki ba ke nan. Lauya kuma ya bincika C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, a hukumar filaye. In filin ya taɓa sauya hannu, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna, kuma kuɗin gwamnati a kanta yana kamawa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙimar da ita gwamnatin ta yi wa filin. La'adar dillali bisa al'ada kashi 5 ce, na lauya daban. Ka sa su a lissafi tun farko, da kuma abin da iyalan masu ƙasa, waɗanda ake kira omo onile, za su iya tasowa da shi ranar da tifar yashi ta farko ta iso. Jihar ta yi dokar hana ƙwacen filaye a 2016, amma rubutacciyar yarjejeniya da shugabannin iyalin kafin biya ta fi zuwa kotu sauƙi.

Gargaɗi: ƙa'idar jihar ta ce gini ya ja baya mita 150 daga bakin teku, mita 50 daga bakin tafkin Legas, mita 10 daga babbar magudana. An rushe gidaje a Ikota a 2023 saboda toshe hanyar ruwa, kuma babbar hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700 da aka fara a 2024, ta ci gine-gine a wurin shaƙatawa na Landmark da unguwar Okun Ajah. A sa safiyo ya tabbatar ba ka kan layinta. Wanda ke son jin ƙarar igiyar ruwa daga ɗakinsa ya fara zuwa Okun Alfa ya ga yawan ƙasar da teku ta riga ta cinye.

Wani abu kuma: fuloti a Arewa ƙafa 50 ne da 100, na Legas 60 da 120, amma rukunin gidaje da yawa suna sayar da murabba'in mita 500 ko 300 su kira shi fuloti. A rubuta girman da mita. Gidan da zai sha iska yana buƙatar sarari a gefensa, kuma wanda aka cusa a ƙaramin fili daga katanga zuwa katanga ya yi sallama da iska tun kafin a sa bulo.

2. Gwajin ƙasa da fandisho

Ba a zana fandisho kafin gwajin ƙasa. A wannan yanki yashin da kake gani a sama sau da yawa ciko ne, ƙarƙashinsa laka ce mai laushi ko ruɓaɓɓen ganye na tsohuwar fadama, ruwa kuma yana nan kusa, wani wurin ko mita ɗaya ba a yi ba an same shi. Rahoton gwajin ne zai faɗa wa injiniya ko faffaɗan fandisho mai shimfiɗe zai ɗauki gidan, ko sai an kafa ginshiƙai can ƙasa har su tarar da ƙasa mai ƙarfi. Bambancin kuɗi tsakanin biyun babba ne, shi ya sa masu wayo ke yin gwajin kafin su kammala biyan filin. Fili mai araha da ke buƙatar ginshiƙai da tifofin ciko yakan zarce mai tsada da ke kan tudu.

A ɗaga daɓen gidan aƙalla santimita 60 zuwa mita ɗaya sama da tsakiyar titi. Titunan unguwa ana sake ɗaga su duk lokacin da aka gyara, gidan da yake daidai da titi yau gobe yana cikin rami. A shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashin daɓe, a haɗa bakinta da abin hana danshi da ke cikin bango. In aka bari ta yage ko aka tsallake ta, danshi zai hau bango ya tayar da fenti, ɗaki ya riƙa warin fumfuna, mai gida kuma ya riƙa barin esi a kunne don ya busar da shi. Wutar da ba a lissafa ba ke nan.

3. Zane: inda gida ke fuskanta

Nan ne ake cin riba ko a tafka asarar da ba ta gyaruwa, kuma ba ya cin ko kwabo in an yi shi a takarda.

Wanda ya saba da ginin Kano ko Damagaram ya san amfanin bango mai kauri: yana riƙe zafin rana, dare ya yi sanyi ya huce. A Legas wannan dabara ba ta aiki sosai, don dare ba ya hucewa da yawa, kuma iskar cike take da danshi, sau da yawa sama da kashi 80 cikin ɗari. Abin da ke sanyaya jiki a nan abu biyu ne, inuwa da iska mai wucewa.

A miƙe gidan ta yadda dogayen bangayensa za su kalli kudu da arewa, gajerun su kalli gabas da yamma. Legas tana kusan digiri 6 da rabi arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta sama-sama duk shekara: daga Afrilu zuwa farkon Satumba tana ɗan karkata arewa, sauran watanni tana kudu. Saboda haka tagar kudu da ta arewa inuwarsu mai sauƙi ce. A Disamba, lokacin da rana ta fi karkata, tana tsaye ne kusan digiri 60 da tsakar rana, don haka tagar kudu mai tsayin mita ɗaya da rabi tana buƙatar rumfa da ta fito kusan santimita 90 daga samanta. Ta arewa rabin haka ya ishe ta. A sa bakin rufi ya fito mita ɗaya zuwa 1.2 a zagaye, ya kare bango daga rana da kuma ruwan da iska ke kaɗowa.

Gabas da yamma ne matsala. Ranar la'asar tana shigowa ne a kwance, rumfar sama ba ta tare ta. A jera sito, banɗaki, matattakala da garejin mota a yamma su zama garkuwa, a rage tagogin can, waɗanda suka zama dole a sa musu shinge na tsaye ko baranda mai zurfi, a dasa itace. Ɗakin kwana da aka sa a kusurwar yamma a bene na sama shi ne wanda esinsa ba ya hutawa har ƙarfe biyun dare.

Iskar teku tana zuwa ne daga kudu maso yamma mafi yawan shekara. Kowane ɗaki ya samu taga a bango biyu, ko taga da wata kafa a saman ƙofa, don iska ba ta shiga inda ba ta da mafita. Silin ya kai mita 3 zuwa 3.3. Tsakar gida irin tamu tana aiki a nan in an bar mata mashiga ta kudu. In aka rufe ta ta ko'ina sai ta zama tukunyar gumi. Haka katanga: doguwar katangar bulo da aka toshe tana kashe iskar benen ƙasa, gara a bar kafofi a samanta ta gefen teku.

Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ta ce kada gilashi ya wuce kashi 20 cikin ɗari na faɗin bango sai da inuwa. Yanzu dubi farin gidan da ake yayi a Lekki, mai kama da akwati, gilashi daga ƙasa har sama, rufi a ɓoye bayan bango babu ko taku ɗaya na inuwa. Yana kyau a hoto. Shi ne kuma gidan da ya fi kowanne cin wuta, kuma kwatar da ke ɓoye a rufinsa ita ce ta farko da ke toshewa ta yi yoyo a Yuni. In mai zane ya kawo maka irinsa, ka ce ya nuna maka inuwar kowace taga da ƙarfe uku na yamma.

4. Izinin gini

Zanen akitek, na injiniyan gini, na lantarki da na ruwa, rahoton gwajin ƙasa, takardun fili da shaidar biyan haraji su ake kai wa LASPPPA, hukumar ba da izinin gini ta jihar, don izini. LASBCA, hukumar sa ido kan gine-gine, ita ce ke zuwa duba aiki mataki-mataki. A nuna nauyin faifan sola da tankin ruwan zafi a zanen rufi tun yanzu, da ɗakin batir, da bututun da wayoyi za su bi. Fasa sabon bango don wuce waya abin takaici ne da aka saba gani.

5. Kankare da gishiri

Iskar bakin teku tana ɗauke da gishiri, gishiri kuma yana ratsa kankare ya kai ga rodi. Rodi in ya yi tsatsa yana kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki, sai ka ga ɓaraguzai suna faɗowa daga ƙasan baranda a gidan da bai shekara goma ba.

Kwaɓin 1:2:4 (siminti, yashi, tsakuwa) da magina suka saba bai isa ba a ginshiƙi da dekin na bakin teku. Injiniya ya tsara kwaɓi mai ƙarfin 30 ko sama, da siminti mai lamba 42.5. Ruwa kada ya wuce kusan lita 22 kan buhu ɗaya mai kilo 50, har da ruwan da ke jikin yashi. Leburori suna son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin zubuwa. Duk bokitin da aka ƙara hanya ce da aka buɗe wa gishiri. In ya yi tauri a sa sinadarin sassauta kankare. Kaurin kankare tsakanin rodi da waje ya kai milimita 50 a duk abin da ke fuskantar iska ko ƙasa, a ɗaura 'yan ƙananan tubalan siminti da magina ke kira biskit don rodi kada ya kwanta a jikin katako. A girgiza kwaɓin da inji, a riƙa shayar da shi ruwa kwana bakwai, a kuma ɗebi samfuri a gwada a kwana 7 da 28.

Gargaɗi: yashin bakin teku da ruwan rijiya mai gishiri ba sa shiga kwaɓi. Ka ɗanɗana ruwan da kanka in ya kama, sannan a kai shi gwaji. In da gishiri a sayi ruwan tanka. Gishirin da aka kwaɓa a cikin gini babu fentin da zai cire shi.

Duk ƙarfen da zai zauna a waje, ƙarfen baranda, hinjin ƙofa, noti da ƙusa, ya zama sitenles mai lamba 316. Mai lamba 304 da ya cika kasuwa yana yin ɗigo-ɗigon tsatsa kusa da teku. Bango na waje a yi masa farin fenti ko mai haske.

6. Rufi

Mafi yawan zafin da ke shiga gida ta sama yake shigowa. Kwanon aluminiyam mai kaurin milimita 0.55 ko 0.7, fari ko mai haske, shi ya fi dacewa: ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, kuma yana mayar da hasken rana. Baƙin kwano mai tsakuwa da ake so don ado yana shan zafi, ƙarfe ne kuma a cikinsa, inda aka yanka shi nan tsatsa ke farawa.

Ƙarƙashin kwano a sa takardar azurfa mai ƙyalli da sarari a gabanta, sannan a shimfiɗa audugar hana zafi mai kaurin milimita 50 zuwa 100 a kan silin, ba tare da giɓi ba. Wurin da mai lantarki ya ɗage ta don sa fitila bai mayar ba, nan zafi zai zubo. A bar kafofin iska a bakin rufi da kuma can ƙololuwa, da raga don jemage da ɓera. In dekin ne a sama, abin hana zafin a samansa ake sawa, ƙarƙashin abin hana yoyo. Dekin tsirara yana tara zafi da rana ya sako shi kan masu barci.

Gargaɗi: kada a ɗaure kwanon aluminiyam da ƙusar ƙarfe gama-gari. Ƙarfe iri biyu in suka haɗu da ruwan gishiri ɗaya yana cin ɗaya, ramin ƙusa ya faɗaɗa, iska ta samu abin ɗagawa.

7. Tagogi, fanka da esi

Taga mai zamewa rabinta kawai ke buɗewa. Mai buɗewa kamar ƙofa ko mai fale-falen gilashi tana ba da kusan dukkan faɗinta. A ɗakunan da za a sa esi a zaɓi mai buɗewa kamar ƙofa mai roba a baki don ta rufe ruf. A baranda, kicin da matattakala a sa mai fale-fale. Gilashi mai ninki biyu yana da amfani wajen rage ƙara, amma kuɗinsa in aka sa a rumfa da audugar rufi ya fi biyan kuɗin sabulu.

Fankar sama a kowane ɗaki, irin sabuwar mai cin wat 30 zuwa 35. Tsohuwar tana cin kusan 75. Esi ya zama mai inbata, a saita shi a 25 ko 26 tare da fanka. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen babba "don ya yi saurin sanyi". Esin da ya fi ƙarfin ɗaki yana sanyaya iska da wuri ya lafa kafin ya tsotse danshi, sai ɗaki ya yi sanyi mai laima, takalma da jakunkuna su yi fumfuna a cikin kwaba. Ɗakin kwana madaidaici mai inuwa da rufi mai kyau doki ɗaya ya ishe shi. Injin waje ya zama mai rufin kariya daga gishiri a zanzaronsa, a sa shi a inuwa ta gefen da ba ya kallon teku, sama da inda ambaliya ke kaiwa.

8. Lissafin yunit

Yanzu ne ake zuwa tambayar farko. Yunit ɗaya, irin wanda kake saya a mita, shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Ga misalin gida mai ɗaki huɗu da aka gina bisa abin da ya gabata:

Esi uku masu doki ɗaya, awa 8 da dare, kowanne yana cin kusan wat 450 a matsakaici: yunit 10.8. Esin falo mai doki ɗaya da rabi, awa 5: yunit 4. Fanka shida, awa 10: 2.1. Firij da firiza: 2.5. Ƙwan fitila 25 masu wat 9, awa 5: 1.1. Injinan ruwa: 1.5. Talabijin, intanet da caji: 1.5. Injin wanki da guga: 1.5. Jimla yunit 25 a rana.

A farashin naira 209.5 na 2024 wannan ya kama kusan naira 157,000 a wata. Da janareto ya fi haka nesa, don lita ɗaya ta dizal ba ta wuce ba ka kusan yunit uku, ban da sabis. Ka lura fiye da rabin lissafin esi ne. Gidan gilashi mai baƙin rufi zai iya ninka wannan kason, batir da faifan da zai buƙata su ma su ninku.

Kada a ɗauki lissafin Kano a kawo Legas. A Arewa kilowat ɗaya na faifai yana ba da yunit huɗu da rabi ko fiye a rana. A Legas, a Yuli da Agusta da hadari ke rufe sama, a yi lissafi da yunit 3. Raba 25 da 3, ka samu kilowat 8.3, wato faifai 16 masu wat 550, waɗanda za su ci kusan murabba'in mita 42 na rufi. Abin da ake ci daga faɗuwar rana zuwa safiya a wannan misali kusan yunit 16 ne. Batirin litiyam irin LiFePO4 ana cin kashi 80 cikin ɗari nasa, don haka ana buƙatar yunit 20: guda huɗu masu bolt 51.2 da amfiya 100. Batirin ruwa mai tsayi ya fi araha a ranar saye, amma rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, kuma za a sauya shi sau biyu ko uku kafin na litiyam ya gaji. Inbata mai kilowat 8 ta isa, muddin ba a ɗora mata hitar wanka da kukar lantarki ba. Girki a bar shi kan gas.

Farashin waɗannan kaya yana bin dala, don haka a karɓi ƙiyasi daga wuri uku a mako ɗaya, kowanne da sunan kaya da lambarsa a rubuce. Batir ne ya fi komai tsada a ciki. In kuɗi bai kai ba, a fara da cikakken faifai da batir biyu, a mayar da wanki, guga da jan ruwa zuwa tsakar rana, a ƙara batir daga baya, iri ɗaya da na farko.

9. Ɗora sola

Faifai su kalli kudu, a karkace digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya wanke su. A shimfiɗe lebur suna tara datti a bakinsu. A bar sarari na aƙalla santimita 10 tsakaninsu da kwano, don faifai in ya yi zafi ƙarfinsa yana raguwa. A nemi waɗanda takardarsu ta nuna sun ci gwajin hazon gishiri mai lamba IEC 61701, da sandunan aluminiyam da notin 316. Inuwar tanki ko eriya a kan faifai ɗaya tana jawo duk layin ƙasa. Waya ta zama ta sola ta asali mai murabba'in milimita 4 ko 6, a matse kawunanta da abin matsewa; haɗin da aka naɗe da salatif a kan rufi shi ne mafarin gobara.

Inbata da batir su zauna a ɗaki mai iska, ba cikin silin ba, ba kusa da janareto ba, a kan dakali ko a bango sama da layin ambaliya. A sa abin katse wuta ta gefen faifai da ta gefen batir, da abin tare tsawa a gefen sola da na layin gari, da sandar ƙasa da aka auna aka ga bai wuce om 10 ba. Daminar Legas tana zuwa da tsawa, kuma garanti ba ya biyan inbatar da ta ƙone ta haka.

Gargaɗi: in inbatar tana iya tura wuta waje, a saita ta kada ta tura. Akwai mitocin kati da ke lissafa wutar da ta fita kamar wadda ta shigo, ka ba da kyauta a cire maka kuɗi.

10. Ruwa

Ruwan burtsatse a wannan yanki sau da yawa ja ne saboda ƙarfe, wani wurin da gishiri. Mai ƙarfe ana watsa shi cikin iska a tankin farko, ya kwanta, a tace da yashi da gawayi. Mai gishiri sai na'urar tacewa mai matsi, wadda ke cin wuta tana kuma zubar da kusan rabin ruwan. Shi ya sa ruwan sama yake da daraja a nan. Legas tana samun sama da milimita 1,500 a shekara, kuma milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 200 yana iya tara kusan lita 240,000 bayan an cire asara. A sa bututun da ke kawar da ruwan farko mai ƙura da kashin tsuntsu, a rufe tanki don sauro.

Hitar lantarki tana cin wat 1,500 zuwa 2,000. Tankin ruwan zafi na rana mai lita 200 ya ishi iyali, amma a ba shi tataccen ruwa, in ba haka ba ƙarfe zai toshe shi. Sokawe irin ta Arewa ba ta aiki inda ruwa ke kusa da sama: ba ta tsotsewa, kuma tana gurɓata rijiya. A yi tankin masai rufaffe da ba ya yoyo, ko ƙaramar na'urar sarrafa ƙazanta, nesa da burtsatse iyakar yadda filin ya ba da dama. Tsakar gida kada a malale ta duka da siminti. Bulon daɓe mai barin ruwa ya nutse da ciyawa sun fi rage zafi.

11. In gamammen gida za ka saya

Ka je da ƙarfe uku na yamma, ka ce a kashe esi awa ɗaya kafin ka iso. Dafa bangon yamma. Sa tsani ka leƙa cikin silin ka ga ko da audugar hana zafi. Karanta lambar da ke jikin batir da inbata ka kwatanta da lissafin mataki na takwas. Gidaje da yawa da ake tallata su da sola batirinsu fitila da talabijin kawai yake ɗauka. Duba ƙasan baranda da hinjin get don tsatsa. In an ce gidan yana da shaidar EDGE, wadda hukumar IFC ta rukunin Bankin Duniya ta ƙirƙiro, a nuna takardar: tana nufin ragin aƙalla kashi 20 cikin ɗari a wuta, a ruwa, da makamashin da kayan ginin suka ci, kuma shaidar zane daban take da ta gamammen gini. In solar ta rukunin gidajen ce gaba ɗaya, tambayi nawa ake sayar da yunit, wa ke da ikon ƙara farashi, wa zai biya sabon batir.

Gidan da ba a gina ba tukuna, wanda ake sayarwa a zane, cinikin biri a sama ne sai an ɗaure shi da takarda. A duba rajistar kamfanin a LASRERA, hukumar kula da harkar gidaje da filaye ta jihar, a rubuta kaurin kwano, irin batir, yawan faifai da lambar sitenles a cikin yarjejeniya, a biya mataki-mataki bayan injiniyanka ya duba, a kuma riƙe kason ƙarshe har gidan ya ga damina ɗaya.

Bayan tarewa, faifai suna buƙatar wanki da ruwa mai daɗi da sassafe duk sati biyu zuwa huɗu, musamman a Disamba da Janairu da ƙurar hunturu ke haɗuwa da gishiri ta manne. Injin esi na waje a ɗauraye shi sau ɗaya a wata bayan an kashe wuta. Kwatar rufi da lambatu a yashe su a Maris, kafin ruwan farko, a kuma sa mai sola ya zagaya notin faifai da kawunan waya a lokaci guda.